Na kwashe bayanan manhajata daga MySQL zuwa PostgreSQL, kurakurai sun ƙi ƙarewa: in gyara ko in koma?

Tambayar ita ce: "Ina da wata manhaja ta karɓar ƙorafin ma'aikata da nake gudanarwa a kan sabar kaina, cikin Docker. Ta daɗe a kan MySQL 5.7, sai na kwashe bayanan zuwa PostgreSQL 16 da pgloader. Da farko ta ce `relation "tickets" does not exist`, na yi ta dabaru har ta tashi. Yanzu tsofaffin bayanai suna buɗewa, amma da an tura sabon ƙorafi sai ta ce `duplicate key value violates unique constraint`. Wasu ma'aikata sun kasa shiga, kuma duk inda akwai ƙ ya koma Æ™. In ci gaba da gyara ne, ko in koma MySQL?"

Ɗan'uwa, kada ka koma, kuma kada ka ci gaba da lallaɓa wannan sabon rumbun bayanan da ke hannunka. Barin MySQL 5.7 ba laifi ba ne, tun Oktoban 2023 Oracle ta daina ba shi cikakken tallafi. Inda aka samu matsala shi ne hanyar da ka bi. Ka bar pgloader, kayan aikin kwashe bayanai zuwa PostgreSQL, ya gina maka tebura, alhali wannan aikin manhajar ne. Shawarata ka ɗauki wannan ƙaura a matsayin gwaji, ka koyi abin da za ta koya maka, ka goge ta, ka sake daga farko. Tun yanzu ka tsayar da manhajar kada kowa ya ƙara rubuta komai a sabon rumbun, kuma kada ka taɓa tsohon. Shi ne kaɗai wurin da gaskiyar bayananka take a halin yanzu.

Kafin komai, ka tabbata masu manhajar sun rubuta ƙarara cewa tana aiki da PostgreSQL. Ba kowace ba ce. WordPress, alal misali, da MySQL da MariaDB kawai ta sani, duk wanda ya ɗora ta a kan PostgreSQL to da wata dabara ya yi, kuma shi zai yi ta ɗawainiyarta. Ko da uwar manhajar tana goyon bayan rumbunan biyu, ka duba ƙananan manhajojin da ka liƙa mata. Sau da yawa a cikinsu ake samun SQL da aka rubuta da salon MySQL zalla, irin mai kewaye sunan tebur da karkatacciyar alamar nan ta `` ` ``, ko mai `GROUP BY` na sakaci da PostgreSQL ba ya yafewa. Wannan babu ƙaurar da za ta gyara shi, sai dai a cire abin ko a sami wanda zai maye gurbinsa.

Dalilin da ya sa na dage a kan wanda zai gina tebura shi ne, pgloader ba ya san manhajarka. Yana duba nau'in kowane ginshiƙi a MySQL ne ya zaɓi abin da ya fi kama da shi a PostgreSQL. In ya ga `TINYINT(1)` sai ya mayar da shi `boolean`, in ya ga `DATETIME` sai ya mayar da shi `timestamptz`. Zaɓi ne mai hankali, amma mai yiwuwa masu manhajar `smallint` suke amfani da shi a wannan wuri idan suna kan PostgreSQL, sai ka wayi gari da `operator does not exist: boolean = integer`. Akwai kuma wadda ta fi wannan ɓoyewa. A MySQL tebura biyu na iya samun fihirisa mai suna ɗaya, a PostgreSQL kuwa sunan fihirisa ba ya maimaituwa a cikin sikima guda (wato sashen rumbu da ke ɗauke da tebura), don haka pgloader yakan sake musu suna ya ƙara lambobi a gaba. Yau komai zai tafi lafiya. Ranar da ka zo sabunta manhajar, ta nemi ta goge wata fihirisa da sunan da ta san ta da shi, ba za ta same ta ba, sabuntawar ta tsaya a tsakiya. A lokacin kuwa an riga an tara bayanan watanni a sabon rumbun, babu hanyar komawa.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce ka buɗe sabon rumbu fanko a PostgreSQL, ka nuna wa manhajar shi, ka kunna ta sau ɗaya ta gina teburanta da kanta, ka kashe ta, sannan ka zuba bayanai kawai. A pgloader ana yin haka da zaɓin `data only`, tare da `truncate` don ya share ɗan abin da manhajar ta zuba lokacin tashi. Sigar manhajar dole ta zama ɗaya a ɓangarorin biyu, har lambar ƙarshe. Kada ka haɗa ƙaura da sabuntawa a dare guda, domin in abu ya lalace ba za ka san wanne ne ya lalata ba. Ka kula da teburin da manhajar ke rubuta tarihin sauye-sauyen tsarinta, wanda a manhajojin da aka gina da Django sunansa `django_migrations`, a na Rails kuma `schema_migrations`. Bayan zuba bayanai ka tabbata bai zama fanko ba, in ba haka ba manhajar za ta ɗauka sabon rumbu ne, ta fara ƙoƙarin gina teburan da suke nan tuni. Kuma in manhajar tana da nata kayan ƙaura, shi za ka fara gwadawa kafin na waje. Nextcloud tana da `occ db:convert-type`, manhajojin Django suna da `dumpdata` da `loaddata`. Sun fi pgloader jan ƙafa, amma sun san gidansu.

Yanzu bari mu bi kurakuranka, domin ko ka sake ƙaurar wasunsu za su biyo ka.

Na farko, wanda ka ce ka yi dabaru ya wuce, ina kyautata zaton batun sikima ne. Abin da MySQL ke kira rumbu, pgloader yakan mayar da shi sikima mai wannan suna a cikin PostgreSQL, ita kuwa manhajar a `public` take nema. Teburan suna nan, ba a inda take dubawa suke ba. Ka shiga da `psql`, kayan aikin ba PostgreSQL umarni, ka buga `\dt *.*` za ka ga inda suka sauka. A fayil ɗin umarnin pgloader akwai `ALTER SCHEMA 'tsohon_suna' RENAME TO 'public'` don wannan. In ba sikima ba ce, to manyan haruffa ne: PostgreSQL yana mayar da duk sunan da ba a sa cikin alamar zance ba zuwa ƙananan haruffa, saboda haka teburin da aka gina da suna `"Tickets"` ba zai amsa kiran `tickets` ba. Tunda kana kan 16, ka kuma sani cewa daga PostgreSQL 15, wanda ya fito a 2022, ba kowane mai amfani ke da ikon gina tebur a `public` ba, sai mai rumbun. Idan ka ga `permission denied for schema public`, ka mallaka wa asusun manhajar rumbun. Haka nan kada ka zuba bayanai da asusun `postgres` don sauƙi. Duk abin da ya gina nasa ne, manhajar ta zo ta tarar an rufe mata ƙofa, kuma umarnin `REASSIGN OWNED` ba ya aiki a kan wannan babban asusu, sai ka bi tebura ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu, mai maimaita lamba, shi ne ya fi kowane yawan faruwa kuma ya fi sauƙin gyara. A MySQL ƙidayar `AUTO_INCREMENT` tana manne da tebur, in ka zuba layi mai lamba 5000 sai ƙidayar ta matsa gaba da kanta. A PostgreSQL mai ƙirga lambar wani abu ne dabam da ke gefe, ba ya kallon teburin. Kamar mai raba katin lamba ne a bakin ƙofa wanda aka shigar da jama'a ta baya bai sani ba: duk wanda ya zo zai miƙa masa kati na ɗaya, a ciki kuwa akwai mai riƙe da shi. Shi ya sa karatu yake tafiya lafiya, rubutu ne kaɗai ke faɗuwa. pgloader yakan daidaita waɗannan ƙidayoyi a ƙarshen aikinsa, don haka ganin wannan kuskure a wurinka yana nuna mini ɗayan biyu: ko dai aikin ya katse kafin ya kai ƙarshe, ko kuma cikin dabarun da ka yi ka sake zuba wasu tebura da hannu. In na farkon ne, akwai yiwuwar bayanan ma ba su cika ba. Gyaran kowane tebur shi ne:

`SELECT setval(pg_get_serial_sequence('tickets', 'id'), (SELECT max(id) FROM tickets));`

A manhajojin Django umarnin `sqlsequencereset` yana rubuta maka irin wannan na duka teburan. Akwai wani ɗan lungu da mutane ba sa lura da shi. Idan an taɓa goge layukan ƙarshe a tsohon rumbun, mai yiwuwa ƙidayar MySQL ta wuce `max(id)`. In ka tsaya a `max(id)`, sabon ƙorafi zai gaji lambar wanda aka goge, kuma in akwai fayilolin da aka ajiye a faifai da wannan lamba, ko tsohuwar mahaɗa a cikin imel ɗin wani, sai su manne wa baƙon ƙorafi. A manhajar da mutane ke kai kukansu a asirce wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka buga `SHOW CREATE TABLE tickets` a MySQL, ka ɗauki lambar da ke gaban `AUTO_INCREMENT=`, ita za ka ba `setval`.

Batun waɗanda suka kasa shiga, ka lura da kyau ko wasu ne ko kowa. Tunda ka ce wasu, kusan na tabbata manyan haruffa ne. Tsarin kwatanta rubutu da MySQL ke zuwa da shi, irin `latin1_swedish_ci` ko `utf8mb4_general_ci`, ba ya bambanta babban harafi da ƙarami, wannan `ci` ɗin da ke ƙarshe ma'anarsa ke nan. Wanda ya yi rajista da babban harafi a farkon adireshin imel ɗinsa ya shekara yana shiga da ƙarami bai taɓa sani ba. PostgreSQL kuwa harafi da harafi yake kwatantawa. Ka fara duba ko akwai masu karo da juna:

`SELECT lower(email), count(*) FROM users GROUP BY 1 HAVING count(*) > 1;`

In babu, kuma ka tabbatar manhajar tana mayar da abin da aka buga zuwa ƙananan haruffa kafin ta nema, sai ka mayar da waɗanda ke ajiye su ma. Akwai nau'in `citext` da ke warware wannan daga tushe, amma ba na son a canza nau'in ginshiƙi a bayan idon manhaja, saboda dalilin da na faɗa a sama. Abu ɗaya ne zai shafi akwatin bincike: `LIKE` na PostgreSQL yana bambanta haruffa, `ILIKE` ne ba ya yi. Da a ce kowa ne ya kasa shiga, da sai in ce ka duba mabuɗin sirrin da ke cikin fayil ɗin saitin manhajar, wanda ba a rumbu yake ba, kuma ana yawan mantawa da shi idan aka tayar da sabuwar kwantena.

Haruffan da suka lalace su ne inda nake so ka fi natsuwa, domin a nan ne ake yin gyaran gangar auzinawa. A tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. Abin da MySQL ke kira `latin1` kuwa tsarin Windows-1252 ne, inda kowane bayit harafi ne mai zaman kansa: C6 shi ne Æ, 99 shi ne ™. Ka ga daga inda Æ™ ɗinka ya fito. Haka ɗ, wanda yake C9 97, zai koma É—, ɓ kuma ya koma É“. Abin da ya faru shi ne shekara da shekaru manhajar tana zuba UTF-8 a cikin ginshiƙin da aka yi wa laƙabi da `latin1`, tana kuma ɗebo shi yadda ta zuba, babu wanda ya gane. pgloader ya zo ya yarda da laƙabin, ya fassara kowane bayit da gaskiya, ya ɓata.

Kada ka yi hasashe, ka duba bayit ɗin da idonka. A tsohon rumbun ka nemo layi guda mai ƙ, ka buga `SELECT HEX(title)` a kansa. In ka ga `C699` kuma ginshiƙin `latin1` ne, bayanan lafiyarsu ƙalau, laƙabin ne ƙarya, sai ka gaya wa pgloader ya yi watsi da shi ta hanyar `DECODING TABLE NAMES MATCHING ... AS utf8`. In kuwa ginshiƙin `utf8` ne ka ga `C386E284A2`, to an riga an fassara shi sau biyu tun a MySQL, kuma a can za ka gyara, a kan kwafi, da `CONVERT(CAST(CONVERT(title USING latin1) AS BINARY) USING utf8mb4)`. Wahalar ita ce tsofaffin rumbuna sukan zama gauraye, layukan wasu shekaru lafiya, na wasu a lalace, saboda an taɓa canza saiti a tsakiya. In ka bi duka teburin da wannan umarni za ka gyara lalatattu ka lalata masu lafiya. Ka ware waɗanda ke ɗauke da alamun Æ da É da Ã tukuna, ka duba su, sannan ka taɓa su. Inda kuma ka tarar da alamar tambaya ta maye gurbin harafi, wannan ya tafi, babu umarnin da zai dawo da shi sai tsohon kwafin ajiya. Irin wannan yakan sami ƙananan hotunan fuskoki da ake sawa a saƙo, domin su bayit huɗu ne, `utf8` na MySQL kuwa uku kawai yake ɗauka, `utf8mb4` ne cikakke.

Akwai waɗanda ba ka ambata ba amma za ka ci karo da su da zarar manhajar ce ta gina tebura, domin yanzu bayanan za su shiga ta ƙofar da ke bincike. MySQL ya daɗe yana karɓar `0000-00-00` a matsayin kwanan wata, PostgreSQL ba ya karɓa, sai ya ce `date/time field value out of range`. Ana mayar da su `NULL`, amma in ginshiƙin bai yarda da `NULL` ba, kai ne za ka yanke shawarar ranar da za ta zauna a wurin. Rubutu mai ɗauke da bayit na sifiri ba ya shiga ginshiƙin `text`, saƙon shi ne `invalid byte sequence for encoding "UTF8": 0x00`, kuma yawanci daga abin da aka kwafo daga wani fayil yake zuwa. PostgreSQL ba shi da lamba `UNSIGNED`: `integer` ɗinsa ya tsaya a 2,147,483,647, na MySQL mai `UNSIGNED` kuwa yana kaiwa 4,294,967,295. Idan wasu teburanka a kan injin MyISAM suke, wanda ba ya tilasta alaƙar tebura, za ka tarar da marayun layuka, sharhi a kan ƙorafin da aka goge tuntuni, su ne za su jawo `violates foreign key constraint`. Kada ka kashe binciken don su wuce. Ka nemo su da `LEFT JOIN`, ka adana su a gefe, ka cire su. 

Lokaci ma ka gwada shi da hannu. `DATETIME` na MySQL ba ya ɗauke da yankin lokaci, duk wanda ya karanta shi da yankinsa zai fassara. Ka zaɓi ƙorafi guda da ka san ainihin sa'ar da aka turo shi, ka duba abin da sabuwar manhajar ke nunawa. Wannan kuskure ba ya fitar da saƙo ko ɗaya, sai dai rahotanni su goce da awa guda ko fiye.

Game da karanta saƙonnin kuskure, ka daina dogara da abin da shafin manhajar ke nuna maka. Ka buɗe rahoton PostgreSQL kansa da `docker logs`, a nan za ka ga cikakken umarnin da ya faɗi da sunan ginshiƙin. Kuma ka nemi kuskure na farko. A PostgreSQL in umarni ɗaya ya faɗi a cikin ƙunshin aiki (transaction, wato jerin umarnin da ake gudanarwa a dunƙule), duk na bayansa za su riƙa cewa `current transaction is aborted`, sai allo ya cika da layuka ɗaruruwa da ba su da laifin komai. In da `psql` kake zuba fayil, ka sa masa `-v ON_ERROR_STOP=1` ya tsaya a tuntuɓen farko. Shi ma pgloader yana buga jadawali a ƙarshe mai ginshiƙin kurakurai da adadin layukan da ya karanta da waɗanda ya shigar, kuma yana ajiye rahotonsa a `/tmp/pgloader`. Mutane da yawa ba sa karanta wannan jadawali, da sun ga ya gama sai su rufe.

Matsalar haɗuwa da rumbun ba ta dame ka ba tunda manhajar ta tashi, sai dai in za ka gudanar da pgloader a cikin tasa kwantenar, ka tuna `localhost` a can yana nufin ita kanta kwantenar, sunan sabis ɗin rumbun za ka sa.

Ka rubuta duk matakan a fayil guda da za ka iya sake gudanarwa: goge rumbu, gina shi, kunna manhaja ta yi tebura, tsaftace kwafin MySQL, zuba bayanai, daidaita ƙidaya. Duk gyaran da ka gano, a cikin wannan fayil zai shiga, ba a taminal da hannu ba. Ka yi ta maimaitawa a kan kwafi har sai ya wuce daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ka sa hannu ba, a nan ne ma za ka san tsawon lokacin da za ka rufe manhajar ranar ƙaura ta gaske. Bayan kowane zagaye ka kwatanta `count(*)` na kowane tebur a ɓangarorin biyu. Kada ka yi amfani da adadin da `information_schema` na MySQL ke bayarwa, ga teburan InnoDB ƙiyasi ne kawai. Sannan ka buga `ANALYZE` a PostgreSQL, domin sabon rumbun da aka zuba wa bayanai bai san girman teburansa ba tukuna, zai iya zaɓar hanyar bincike mai nawa har ka ɗauka ƙaurar ce ta rage gudu.

Gwajin ƙarshe kuwa ya zama na rubutu, ba na kallo ba: tura sabon ƙorafi, liƙa masa fayil, buɗe sabon asusu, shiga da tsohon asusu mai babban harafi a imel, bincika kalma mai ƙ, goge wani abu. Ranar ƙaurar ka tsayar da manhajar kafin ka ɗauki kwafin ƙarshe, tare da duk ayyukan da ke gudana a bayan fage kamar masu aika imel, domin su ma suna rubutu a rumbu. Tsohon MySQL ɗin ka bar shi a kashe, da faifansa yadda yake, har sai ka yi sabuntawar manhajar ta farko a kan PostgreSQL ta wuce lafiya, ka kuma gwada dawo da kwafin `pg_dump` a wani rumbu fanko ka ga ya buɗe.